Rigakafin da Bai Kama Ba

Suna fitowa daga wurin likita Hwefa ta hau bayan babur. Setonji, angonta, yana tuƙawa cikin ƙunar ranar birnin Kwatano.

Ciwonta irin wanda jiki ke juyowa ya yaƙi kansa ne, gaɓoɓi su yi ta kumburi. Maganinsa ƙarin ruwa ne mai kwantar da garkuwar jiki. Ga ta kuma ɗalibar ungozoma, makarantarsu ba ta barin kowa ya shiga ɗakin haihuwa sai jininsa ya nuna kariya daga ciwon hanta. Tun farko likita ya ce a yi rigakafin, a bar jiki ya koya, sannan a sa ruwan.

Amma biki ya matso, yatsunta sun ƙi zobe. Setonji ne ya nace.

"Haba masoyiya, amarya da hannu kamar doya? A sa ruwan kawai, allurar rigakafi ba guduwa za ta yi ba."

Ta kai masa duka tana dariya, ta yarda. Kumburi ya saɓe, ta yi rawa har takalmi ya tsinke, shi kuwa ya ɗauka ya yi wa duniya wayo.

Yau likita ya ce alluran rigakafin da aka yi mata bayan biki sun shiga jikin da babu mai amsa musu, don ruwan ya kwantar da garkuwar. Sai maganin ya sake ta sannan a fara rigakafin daga farko. Kafin nan 'yan ajinsu sun yi nisa, ita sai baɗi.

Da suka kusa asibitin da aka tura 'yan ajin, ya karkata zai bi lungu.

"Ina za ka, direba?"

"Can akwai cunkoso."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau. Miƙe."

Ya miƙe hanya. 'Yan ajin suna nan a bakin ƙofa cikin fararen kaya, suna gyara wa juna hula.

"Hwefa, ni na jawo miki."

"Da bakina na ce to." Ta kifa goshinta a bayansa, ya ji rigarsa tana jiƙewa. "Rage gudu dai, in gan su da kyau."

Ya rage, har masu babur na baya suka fara zaginsa.