Keken Goggo Turai

Shekara talatin Turai ta yi tana ɗinki a Wurno, a ɗakin da ke kusa da zaure. Tun rasuwar mijinta keken ɗinkin nan ne ke ciyar da ita. Da damina ta wuce sai yanar ido ta rufe mata idon dama, har ta kai ba ta iya zura zare a allura. Likita a Sakkwato ya ce aiki za a yi, ya sa mata rana bayan mako biyu. Ƙanenta Mode, manomin albasa, ya kawo abin da ya samu, amma bai kai rabi ba. Ba ta da wata kadara sai keken.

Adawiyya, 'yar Mode, ita ta raka ta suka kai keken shagon Malam Jelani a bakin kasuwa. Shi ke sayen tsofaffin kaya, yana kuma karɓar jingina. Ya taka keken, ya saurari ƙararsa, ya ɗinka wani ƙyalle ya duba bayansa.

"Hajiya, keken ga lahiya lau shike. In sayarwa ta, dubu arba'in da biyar. In jingina ta, arba'in, wata uku."

"Mi kac ce, Malam?" in ji Adawiyya. Atamfa da turare take sayarwa ta waya, ta san farashin kaya. "Irin shi dubu tamanin aka sa mai a waya. Goggo, mu tahi."

Suka mayar da keken gida a baro. Adawiyya ta goge shi da mai, ta ɗauke shi hoto ta kowane gefe, ta sa a sitatus da wani zauren masu saye da sayarwa. Kafin la'asar mutum goma sha ɗaya sun yi magana. Turai ta ji daɗi, har ta sa aka sayo mata fura.

Amma magana ce kawai. Yawancinsu su tambayi kuɗin ƙarshe su yi shiru. Wani a Sakkwato ya ce a ɗora keken a mota, in ya iso zai biya. Wani ya turo hoton alat na banki na dubu tamanin, ya ce ɗan acaɓansa na hanya. Da Adawiyya ta duba asusunta ba ta ga ko kwabo ba. Mutum ɗaya ce ta yi kama da mai saye da gaske, wata Habi daga Boyekai ta ƙasar Goronyo. Ta ce tana so ƙwarai, amma sai mijinta ya sayar da rago, kuma sai ta gani da idonta.

Kwana goma sha biyu suka wuce haka. Ana jibi aiki, Turai ta yafa mayafi ta koma shagon ita kaɗai, tana bin gefen hanya a hankali.

"Malam Jelani, tambaya niz zo yi, don Allah ka gaya min gaskiya. Mi yas sa naka kuɗin bai kai na waya ba?"

Bai ji haushi ba. Ya ba ta kujera, ya ɗaga wani labule a bayan shagon. Kekuna shida ne a jere, an lulluɓe su da buhu.

"Wanga tun kahin azumi shike nan. Wancan ya kusa shekara. Hajiya, na waya kuɗin baki na, mai kaya ka hwaɗin abin da shika so. Ni kuwa yau nika biya, in zauna jiran mai saye. Ba ni cewa ba ni cin riba, ina ci. Wani lokaci kuma kaya su ci ni."

Turai ta ƙare wa kekunan kallo. Ta gaya masa zancen Habi.

Ya ɗan yi tunani, ya ce, "To ki kawo shi jingina, ki karɓi arba'in ki tahi asibiti. Kada ɗiyarku ta cire hoton. In matar ta zo a turo ta nan. In an yi ciniki in ɗauki kuɗina da la'ada dubu uku, saura naki na. In ba a yi ba, ranar da kinka samu ki kawo abin da kinka karɓa, ba ƙari."

Haka aka yi. Aikin ya yi kyau, sai dai likita ya ce ta daɗe ba ta matsa wa idon da aikin allura ba. Kwana biyar da dawowarta Habi ta iso da mijinta a kan babur. Yarinyar mace ce mai goyo, ta koyi ɗinki a gidan maƙwabta, ba ta taɓa mallakar keke ba. Aka yi ta ja a shagon har aka tsaya a dubu sittin da takwas. Adawiyya ta zo gida ta tambayi Goggo ko a sallama.

Turai ta tuna maganar likita. Bayanta ma ya gaji da zaman keke, ta sani. Ta ce, "A sallama mata. Allah shi sa albarka."

Da Adawiyya ta kawo ragowar kuɗin, ba ta huce ba. "Kin gani ko, Goggo? Da mun sayar mai ranar farko, da ya cinye dubu ashirin da uku."

"Gaskiyarki, ɗiyata. Wayarki ta kawo mai saye. Amma ranar da nika bukata, hannunai na ga kuɗi."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Ta kan tashi da safe ta rasa abin yi, ta share ɗaki sau biyu. Ran nan da hantsi Adawiyya ta shigo da waya a hannu, ta ce Habi ce. Zare na cukurkuɗewa a ƙasan ƙyalle, ta rasa yadda za ta yi.

Turai ta karɓi wayar ta gyara zama. "Kada ki taɓa komi tukuna. Buɗe ƙasa ki hiddo kwarkwaron. Kin hiddo? To gaya min, ta wane gehe zaren ka hitowa?"