Haƙorin Yanke Zare

Kai ma ka ga saƙon nan. Ya shigo wayarka a zauren dangi, ka san ƙarya ce, ka taɓe baki ka wuce. To, ga inda ya sauka.

Mai ɗinkin ƙarshen layi ba ta cika neman almakashi ba. In ta kai ƙarshen ɗinki sai ta kai zaren baki ta datse da haƙorin gaba. Haƙorin nan ya taɓa ruɓewa har ya hana ta barci. Likita ya cire jijiyar da ta mutu, ya wanke ramin, ya cike shi, bai sake damunta ba.

Bayan shekaru sai yatsunta suka fara ciwo. Takan tashi da safe sun sandare, sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su yarda su riƙe allura. Da keken ɗinkinta take ciyar da gida, don haka tsoro ya kama ta.

Ƙanwarta ce ta kawo mata saƙon: wani mai farar riga yana rantsuwa cewa haƙorin da aka cire wa jijiya guba yake tsiyayarwa cikin gaɓɓai.

"Yaya, kina yawo da mushe a baki, kuma kina tambayar me ke cin hannunki?" in ji ta.

Suka je wurin likitan haƙori. Ya ɗauki hoto, ya ce haƙorin lafiya lau yake, zancen kuma tsohon zance ne da bincike ya daɗe da rushewa. Ya roƙe ta ta ga likitan gaɓɓai ba tare da jinkiri ba. Suna fitowa ƙanwar ta yi tsaki, ta ce dama wa zai kushe aikin hannunsa.

A bayan wani shagon aski akwai mai cire haƙori, da kujerar roba da filaya a cikin kwano. Shi bai yi gardama ba, ya cire haƙorin. Ta koma gida da auduga a baki tana jiran sauƙi. Sauƙi bai zo ba. Mai cire haƙorin ya ce gubar ta kama na kusa da shi, aka cire wannan ma. Matar da ake jin dariyarta tun daga bakin titi ta koma magana a bayan mayafi.

Sa'ad da 'yarta ta ja ta zuwa wurin likitan gaɓɓai, yatsun sun riga sun karkace. Ya juya hannun a hankali, ya ce ciwon ba ruwansa da haƙori, kuma akwai maganin da ke taka masa birki in an zo da wuri.

"Wanda ya lanƙwashe fa, likita?"

"Wannan sai haƙuri, Mama."

Ta koma shago ta tarar da rigar makarantar wata yarinya a kan keke. Da ƙyar ta lallaɓa ta kai ƙarshen ɗinkin. Ta ɗaga zaren zuwa baki yadda ta saba, ya zame a kan dasashi. Ta ɗauki almakashi, yatsun suka ƙi shiga. Ta zauna da rigar a cinya, zaren yana reto.

Saƙon nan yana nan a wayarka, ana ta tura shi. Buɗe zauren yanzu, ka rubuta cewa ƙarya ne, ko da kawunka ne ya turo. Sannan ka je ka duba hannun mahaifiyarka. In yatsunta na sandarewa da safe, kai ta asibiti yau.