Layi Ɗaya a Tabkin Yamma

Abu biyu Ɗan Azumi yake taƙama da su a ƙauyensu na ƙasar Kanan-Bakashe: hannunsa wajen awon masassara, da bijiminsa Goje. Shi ne mai taimaka wa likita, ba yatsan yaron da bai huda ba a garin. Goje kuwa tun yana maraƙi ya raine shi da dusa da kanwa, shi ke jan amalanken da ke ci da gidan. Matarsa Ladi takan ce da bijimin zai iya hawa tabarma, da ita ce za ta koma turke.

Da damina ta ja baya, tabkunan garin biyu suka yi kore da gansakuka. Sai ga Madam Marwa ta ofishin ruwa daga Mayahi a kan moto, wato babur, ta kawo wasu ƴan tsinkayen awo. Ta ce wata gansakukar tana zuba dafin da ke cin hantar dabba da mutum, tsinken nan kuma yana gane shi kafin a dafa shayi. Ɗan Azumi ya juya tsinken, ya ga kamarsa ɗaya da na masassara, sai ya yi murmushi ya rufe kunnensa. Shi za a koya wa karatun layi? Lokacin da Madam ke jaddada cewa wannan juye yake, layi biyu lafiya, layi ɗaya dafi, shi yana can bakin zaure yana hana yara taɓa moto.

Washegari ya auna. Tabkin gabas ya ba da layi biyu ɓaro-ɓaro, na yamma ɗaya tak. A awon masassara layi biyu ciwo ne, don haka ya sa aka yi shela, ya kewaye na gabas da ƙaya, ya ce kowa ya kai dabbarsa yamma.

Mutanen garin nan ba sa musu da mai ilimi. "To, Malam, mun ji," suka ce, har da sa albarka. Amma yamma da nisa, ga wari, ga laka. Kafin azahar an buɗe ƴar kafa a bayan ƙayar, awaki suna shiga ɗaya bayan ɗaya, masu su suna kallon sama.

"Maigida," in ji Ladi, "Goje hwa ya ƙi ruwan can. Shinshinawa yakai yana ja da baya."

"Dabba ce za ta gaya mini aikina?"

Ya hana shi ruwa wuni guda, sannan ya ja shi da kansa zuwa tabkin yamma ta tsakiyar gari don a gani a yi koyi. Ya tsaya yana shafa masa tozo, yana yi masa fito, har ƙishi ya ci ƙarfin bijimin ya sha.

Washegari da hantsi Goje ya kasa tashi. Ɗan Azumi ya ɗora kansa a cinya, ya ɗura masa jiƙo, ya kira sunansa. Kafin a kawo wuƙa ya cika. Mutumin ya yi kuka kamar yaro, bai damu da wanda ke leƙe ta kan danga ba.

Ran kasuwa Madam Marwa ta dawo. Ta biya ta tabkunan ta auna da kanta, sannan ta tsaya a ƙofar maigari fuska a sake.

"Na yamma layi ɗaya, dafi ne zalla," ta ce. "Na gabas layi biyu, lafiya lau, har kun yi mishi shinge kun bar ƙohwa guda don a kiyaye shi. Garuruwan maƙwabta sun yi asarar tumaki, ku ko kun yi sa'ar mai awo." Ta miƙa wa Ɗan Azumi hannu.

Ya karɓa. Dattawa suka duƙufa kallon takalmansu.

"An ce mini dabba guda ce ta mutu," ta ci gaba. "Ta wane mai taurin kai ce, da bai ji maganar Malam ba?"

Ba wanda ya ɗago. Ladi ce ta amsa daga cikin mata, ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Madam, duk garin ga shi kaɗai ya ji."