Bakin Tela a Bayan Takunkumi

Tun da annoba ta shigo aka rufe kasuwa, Tela ya kwaso kekensa ya dasa a ɗakin gaba, gindin taga. Ya bar ɗinkin riguna ya koma na takunkumin rufe baki da hanci, ta tagar yake miƙa wa masu saye. Nasa kuwa ba ya sauka daga fuskarsa sai zai ci abinci ko zai yi alwala. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Biyu, har tsiya take masa.

"Baban Biyu, ni fa na manta kamannin hancinka."

"Ki riƙe na da a ranki, bai canja ba."

Duk taka-tsantsan ɗin nan, abu ɗaya ya ƙi yi. Maganin hawan jininsa ya ƙare tuni, ya ce ba mai kai shi asibiti ya kwaso cuta. Ta yi magana har ta gaji ta bar shi da Allah.

Ranar da abin ya faru tana wanki a bayan gida sai ta ji keken ya yi shiru. Ta ɗaga murya ta tambaye shi ko zare ne ya ƙare. Ya amsa da wata magana a dunƙule, ta ɗauka ƙyallen bakin ne ya tare ta, ta ci gaba da matse kaya. Sai da ta gama shanya ta kawo masa shayi. Ya kai hannun dama zai karɓa, hannun ya zame ya faɗi a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ta ajiye kofin, ta janye takunkumin. Bakin ya karkace gefe, yawu na bin haɓarsa.

Ta yi salati a hankali. Haka kawunta ya yi, aka ce a bar shi ya huta, bai sake tashi da ƙafarsa ba.

"Asibiti za mu."

Ya girgiza kai, ya damƙe teburin keken da hannun hagu.

"Yau ba da kai zan yi shawara ba, ka yi haƙuri," in ji ta, tana ɓamɓare yatsunsa.

Maƙwabcinsu direba ya fito da mota, amma ya tsaya can nesa yana leƙe.

"Ba annobar ba ce, ɗan'uwa, ko tari ba ya yi," in ji ta. "Zo. Kama masa ƙafa."

A ƙofar sashen gaggawa an kafa tanti, an ja igiya. Wata nas ta fito cikin rigar leda, idanunta kawai ake gani. Ta duba bakin Tela, ta ɗaga hannunsa ta saki, nan take ta kira a kawo gado. Maman Biyu ta tattare mayafi za ta bi su, maigadi ya sa hannu.

"Mara lafiya kaɗai."

"Mutumin da ba ya iya magana, wa zai faɗi abin da ke damunsa?"

"Mama, ba ni lambarki," in ji nas ɗin. "Ki riƙe wayar a hannu, kar ki je ko'ina."

Ta zauna a gefen kwalbati cikin sauran masu jira, kowa nesa da kowa. Ta ja carbi har yatsunta suka yi zafi. Nas ta leƙo sau ɗaya ta ce an yi masa gwajin annoba, yanzu ɗakin hoton kai ake wankewa, don wanda aka fitar mai tari ne.

Can wayar ta yi ƙara. Likita ne, maganarsa a gaggauce.

"Mama, jini ne ya toshe hanya a kansa. Akwai allurar da ke narkar da shi, amma in abin ya daɗe da faruwa, cutar da shi za ta yi. Yaushe kika gan shi lafiya lau na ƙarshe? Da idonki."

Tun safe fuskar a rufe take. Ta ji kamar ta ce yanzun nan ne don a yi masa allurar, ta tuna rai ne a hannunta, ta haɗiye.

"Likita, tsaya in yi tunani, kar in yi maka ƙarya."

Sai ta tuna famfo ya ɗauke da rana.

"Da aka kira azahar ni na zuba masa ruwan alwala. Ya kuskure baki ya furzar daidai, ya wanke fuska da hannu biyu. Har ya ce ina yi masa rowar ruwa."

"Kin tabbata azahar ta yau?"

"Ban ma yi la'asar ba tukuna."

"To, muna cikin lokaci. Kin yarda a yi?"

"Ku yi, Allah ya sa waraka a hannunku."

Kwanakin da suka biyo baya ba a bar ta ta gan shi ba. Kullum takan kawo kaya masu tsabta ta miƙa ta saman igiya, nas ta faɗa mata abin da ya ƙaru: ya haɗiye ruwa, ya zauna, babban yatsa ya motsa. Hannun dai sai an sha gashin ƙashi, in ji ta, amma ana sa rai.

Wata safiya nas ta kira ta ce ga wani yana son magana. Maman Biyu ta ji numfashi, sannan murya mai nauyi, kalma ɗaya-ɗaya.

"Abincinsu... ba... gishiri."

Ta toshe baki da mayafi, hawaye da dariya suka haɗe mata.

"Alhamdulillahi. To ka saba tun yanzu, Baban Biyu, don na gida ma haka za ka tarar da shi."