Zaren Awon Turai

Gagare maƙerin Wagini ya yi wa mutane sakiya ba adadi. Ka zo masa da maruru, ya sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi jawur, ya soke shi mugunya ta fita, ka tafi kana zaginsa, bayan kwana uku ka dawo kana godiya. Shi ya sa ranar da matarsa Turai ta nuna masa ƙullutu a gefen nononta na hagu, bai tsaya shawara da kowa ba. Ya zuga wuta, ya soka. Jini ne ya fito, babu mugunya ko ɗigo.

Nan fa tsofaffin gari suka dafe kai. Sankara ce, ai ba a taɓa ta da ƙarfe, kowa ya sani, har waɗanda jiya ba su sani ba. Gagare ya ji kamar ya ɗora hannunsa a kan uwar maƙera ya daka shi da guduma.

Akwai wata tsohuwa mai magani a Babban Duhu, sunanta Hansai. Sahabi, ƙanen Turai, ya je ya dawo da saƙonta: a gasa dutse, ba ƙarfe ba, a naɗe shi da ganyen tumfafiya a dinga dannawa a wurin safe da yamma. Ranar Juma'a a zagaye ƙullutun da zare. Muddin bakin zaren yana haɗuwa, a ci gaba da gashi. Ranar da ya ƙi haɗuwa, a zo a karɓi magani mai ƙarfi. Bayan mako biyu Sahabi ya ce gara ya karɓo maganin ya ajiye tun da wuri, ya sake kama hanya. Bai dawo ba. Mahara daga Maraɗi sun cika dajin Rugu suna kamun bayi, sai mai gari ya sa aka rufe ƙofar kafin da ya kewaye garin, ko gona ba a zuwa sai a ayari.

Gagare ya rantse a gaban Turai, ranar da zaren ya ƙi haɗuwa zai fita, ko ƙofa a rufe take ya haura.

Haka suka zauna. Ya gasa ɗan dutsen niƙa a maƙera, ya ɗauko da awartaki, ya naɗe, ya danna. Turai ta ciji bakin zanenta, gumi na zuba, fatar wurin ta saɓule ta yi baƙi. Tausayinta yake ji har cikin ƙashinsa, amma me zai yi? In ya bari, ya bar ta ga ciwon. In ya ci gaba, shi ne mai ƙona ta. Abu ɗaya ke riƙe da shi: duk Juma'a Turai takan miƙo masa zaren, ya zagaya, bakin ya haɗu.

Idonsa kuwa yana gaya masa abin ya ƙaru. Ya ƙaryata idonsa, ya gaskata zare.

Juma'a ta bakwai, da hantsi, Turai na bayan ɗaki, ya buɗe lefenta na kaɗi don ya ɗauko zaren da kansa. Sai ya tarar da guda biyar a ƙarƙashin mazari. Mace mai kaɗi ba ta iya yar da zare, ko da kuwa shi zai tona mata asiri. Ya jera su a kan tabarma. Na farko gawayin hannunsa ne ya baƙanta shi. Sauran da baƙin tukunya aka shafe su, kowanne ya ɗara na bayansa tsawo.

Ta shigo ta same shi a durƙushe. Ba ta yi musu ba, ta zauna a hankali tana tallabe da gefenta.

"Turai, tun yaushe?"

"Tun da Sahabi ya ƙi dawowa."

"Kin bar ni ina ƙona ki a banza?"

"Ba a banza ba, maigida. In dutsen na kai, zafinshi kaɗai nika ji, na cikin sai ya yi shiru." Ta ja numfashi. "Hanyar nan ta ci ƙanena. In ta ci ka, wa za ya gasa mani dutse?"

Gagare ya dubi ƙofar ɗaki. Daga nan ana hango ƙayar kafi, da masu baka biyu zaune a gindin ƙofar gari. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zaɓi zaren da ya fi tsawo, ya matso, ya zagaya. Bakin ya haɗu da ƙyar, sai da ya ja.

"Bai ƙaru ba," in ji shi.

"Alhamdu lillahi," in ji Turai.

Ya tashi ya tafi zuga wuta.