Shafi na Bakwai

Tana cikin haɗa shafukan da fil, sai manaja ya leƙo ofishinta.

"Marubuciya, kin gama? Ki tabbata komai yana shafin farko. Kin san ni, ba na wuce nan."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Kowa ma ya sani. Shekara shida tana rubuta wa kamfanin rahoto, ba wanda ya taɓa juya shafi na biyu sai mutum ɗaya, Baba mai kula da ɗakin fayil. Ƙa'ida ce kowace takarda ta bi ta hannunsa ya buga mata lamba kafin ta hau sama, shi kuwa ba ya buga lamba a kan abin da bai karanta ba. Dominsa take zaɓen kalmomi, kamar mai kwalliya saboda mutum guda.

Yau takardar shawara aka sa ta rubuta: a rufe ɗakin fayil, a zuba komai a kwamfuta, a sallami mai kula da shi.

Ta sauka ƙasa da takardar. Ɗakin na ƙamshin tsohuwar takarda, fanka na juyawa kamar ta gaji da duniya.

"A'a, 'yata! Yau me kika dafa mana?"

Ta miƙa masa. Ya gyara tabarau, ya karanta shafin farko, fuskarsa ba ta sauya ba. Ya lashi yatsa ya ci gaba. A shafi na bakwai ya tsaya. Nan ta zuba abin da ke ranta: sau uku bana kwamfuta ta ɓatar da takardun kwangila, shi ya zaro su daga ma'ajiya kafin shayi ya huce. Shawararta ita ce a bar shi.

Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya yi 'yar dariya.

"Allah ya yi miki albarka. Amma 'yata, ai kin ajiye ni inda ba mai zuwa sai ni."

Ya buga lamba ya miƙo mata.

A tsakiyar matakala ta tsaya. Ba kowa, sai ƙarar firinta daga sama. Ta tuna wanda ya musa wa manaja bara. Har yau kujerarsa ba kowa a kai. Ta sa farce ta ɓalle fil ɗin, har ya soke ta. Ta zaro shafi na bakwai ta ɗora shi a kan na farko, ta tsotse jinin yatsarta, ta ci gaba da hawa.