Tantabarun Aji Ɗaya

Littafin da aka aiko daga Gusau na koya wa yara karatu ne ta hanyar kula da dabbar gida. Tun shafin farko Malama Delu ta gane ba don 'ya'yan ƙauyen nan aka yi shi ba. Hoton wani yaro ne yana yi wa kare wanka da sabulu a cikin baho, an kuma ɗaura wa karen jan ƙyalle a wuya. 'Yan aji ɗaya suka yi ta dariya har da riƙe ciki. A gidan da mutum bakwai ke wanka da sabulu guda, wa zai wanke kare?

Ba ta jefar da littafin ba. Ta ɗauki hikimar da ke ciki, ta bar musu karensu. Ranar kasuwar Mada ta je gidan yayanta ta dawo da tantabaru huɗu a cikin kwando. Ta roƙi uwayen yara tsofaffin tukwanen da suka huje, Baba Sama'ila maigadin makarantar ya kafa mata su da laka a jikin katangar bayan aji. Yara da kansu suka raɗa wa tsuntsayen suna: Fara, Toka, Zabo da Dogo. Waɗannan su ne kalmomin farko da ta rubuta a allo, kuma babu wanda ta doka kafin ya riƙe su.

Daga nan ta yayyanka kwali, ta rubuta aiki ɗaya a kan kowane yanki. Ba su ruwa. Zuba gero. Share kashi. Wanke kasko. Kullum da safe yaro huɗu ke jan kwali, kowa ya karanta nasa ya je ya yi. Wanda ya karanta ba daidai ba, ba bulala ce hukuncinsa ba. Zai ga kaskon ruwa a bushe, Toka ta buɗe baki tana haki, sauran yara kuma suna harararsa. In an dawo aji sai a rubuta labarin ranar a allo. Doka ɗaya ce a wannan rubutu, ta kuma maimaita ta har ta zauna a kan kowa: abin da ido ya gani ake rubutawa.

A cikin ajin akwai wata yarinya Tambaya, shekararta ta biyu ke nan a aji ɗaya. Malamin da ya riƙe ta bara ya yanke mata hukuncin daƙiƙanci, ya mayar da ita bayan aji, ya manta da ita. Wata bakwai ba wanda ya ji muryarta. Wata ranar zafi ta ja kwali, ta daɗe tana kallonsa, leɓenta na motsi, sannan ta ɗauki buta ta nufi rijiya ba tare da ta tambayi kowa ba. Ruwa ce kalmar farko da ta karanta a duniya. Daga ranar ta zama mai riga kowa zuwa makaranta, musamman da Fara ta ƙyanƙyashe 'yan shila biyu.

Shugaban makarantar, Malam Mahadi, wanda yara ke kira Malam Babba, bai taɓa leƙa ajin ba. Mutum ne da ya fi sanin hanyar ofishin ilimi fiye da ƙofar aji ɗaya. Ya sha cewa makaranta ba akurki ba ce, Delu tana wasa ne da lokacin gwamnati. Amma da takarda ta zo cewa ranar Talata baƙi za su zo daga Gusau su ga yadda ake aiki da littafin, sai ya tashi haiƙan. Aka share fili, aka shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, aka aro kujeru daga gidan mai gari. Ko sau ɗaya bai tambayi yara nawa suka iya karatu ba. Abin da baƙi za su ci ne ya hana shi sukuni.

Ranar Talata da safe Delu ta sauka daga motar Tsafe, ta tarar da 'yan ajinta tsaitsaye a bayan aji. Tukwane uku babu komai. A ta huɗun 'yan shila biyu ne, ko gashi ba su gama ba, suna miƙa wuya suna kuka. A gindin darbejiya ga gashin tsuntsu nan iska na wasa da shi, fari da ruwan toka. Tambaya tana tsugune da buta a hannu, idonta a bushe.

Baba Sama'ila bai iya haɗa ido da ita ba. Ya ce shi sa shi aka yi, tun da sassafe Malam ya zo da kansa ya tsaya ya nuna, an kuma kai naman gidansa a yi farfesu. Kajin gidan Malam Mahadi kuwa suna nan suna kiwonsu lafiya lau, ko ɗaya ba a taɓa ba.

Ta same shi a ofis yana gyara zaman hularsa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce baƙonka annabinka, ba zai bari manyan mutane su taso tun daga Gusau a ba su ruwa kawai ba, kuma duk abin da ke cikin makaranta a ƙarƙashinsa yake. Ta ce masa ba nasa ba ne, ba ma nata ba ne, amanar yara ce, kuma da su suke karatu.

"Tsuntsu ne fa, Malama," in ji shi. "Ki ce da yaran muzuru ya shiga. In baƙi sunka tambaya, haka nan za ki ce."

Ta ce ba ta saba yi wa yara ƙarya ba. Sai ya sassauta murya, irin sassautawar da ta fi tsawa muni. Ya tuna mata cewa akwai wata makaranta can cikin dajin Bungudu da ta shekara ba malami, kuma takarda guda daga hannunsa ta isa a kai ta can. Ya tambayi jikin Inna, ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Nan ya taɓa ta inda ke ciwo. Mahaifiyarta tana Tsafe, ƙafa ta hana ta tashi, Delu ce mai ɗaga ta da safe, ita ce mai shafa mata magani da yamma. Daga wannan makarantar tana iya zuwa ta koma a yini. Daga can kuwa sai dai ƙarshen wata, in hanya ta yi kyau. Ta fito daga ofis ta nufi aji.

A aji yara suka zuba mata ido. Wata mai suna Nusaiba ta tambaya, "Malama, mi za mu rubuta yau?" Delu ta ɗauki alli ta ajiye. Ba ta ce muzuru ba, ba ta kuma faɗi gaskiya ba. Ta ce a jiƙa gero a kasko don 'yan shila, a bar allo tukuna. Ta sani sarai shirun nan nata ƙanin ƙarya ne, kunyarsa kuma ta hana ta kallon inda Tambaya take.

Baƙi suka iso wajen azahar, su biyu: Madam Dibora, wadda ke kula da shirin karatun, da abokin aikinta Alhaji Manu. Madam Dibora ta so a fara da aji, Malam Mahadi ya rantse ba za a yi aiki da yunwa a makarantarsa ba. Aka shiga ofis, aka buɗe kwanoni. Ƙamshin ya kai har aji ɗaya. Yara talatin da shida suna zaune a tabarma suna shaƙar ƙamshin abin da suka yi wata biyar suna ba ruwa. Daga taga ana jin Alhaji Manu yana cewa rabonsa da farfesu irin wannan tun bikin ƙanwarsa.

Da suka shigo aji, yara suka gaishe su, Delu ta raba kwalaye, aka karanta ɗaya bayan ɗaya babu tuntuɓe. Madam Dibora ba ta nuna ta gamsu ba. Ta ce ta zaga makarantu da yawa, ta ga inda yaro ke rera shafi guda da littafin a juye. Hadda daban, karatu daban. Abin da take so shi ne yaro ya rubuta wani abu sabo, na yau, wanda ba a koya masa ba, wani kuma ya karanta. Sannan ta tambayi ina tsuntsayen da aka ce ana koyarwa da su.

Malam Mahadi ya yi caraf ya karɓe. Ya ce wallahi abin takaici, muzuru ya yi musu ɓarna, kuma ga abin rubutawa ma ya samu, sai yaro ya rubuta muzuru ya ci tantabara. Ya juyo ya dubi Delu.

"Ko ba haka ba, Malama?"

Ta ga fuskar Inna a ranta. Ta ga hanyar dajin da ba ta taɓa bi ba. Sannan ta ga idanu talatin da shida biyu-biyu suna jiran su ji ko dokar da ta kafa musu doka ce, ko kuwa ta yara ce kawai, manya ba ruwansu. In ta ce muzuru, gobe da wane baki za ta ce musu a rubuta abin da ido ya gani?

"Ni dai ban ga muzuru ba, ranka ya daɗe," in ji ta. "Kuma ban riga kowa zuwa ba. Tambaya ce ta riga kowa."

Ta miƙa wa yarinyar alli. Tambaya ta taso daga inda take, ta tsaya gaban allo, ta yi ɗage. Rubutun ya ɗauki lokaci. Ta goge wani baƙi da yatsa ta sake, layin yana gangarawa kamar hanyar rafi, babu wanda ya taimaka mata. Da ta gama ta ajiye allin ta koma ta zauna.

Madam Dibora ta nuna wani yaro a can gefe, Faruk, ta ce ya karanta. Ya miƙe, ya bi shi gaɓa-gaɓa da ƙarfi, yadda aka koya masa.

"Baba maigadi ya yanka Fara da Toka da Zabo da Dogo. Malam Babba ya sa shi. An dafa wa baƙi."

Alhaji Manu yana da tsinken sakace a baki. A hankali ya zare shi ya sa a aljihu. Malam Mahadi ya fara cewa yarinyar nan daƙiƙiya ce, kowa ya sani, ba ta san abin da take yi ba. Madam Dibora ta ce daƙiƙin da ya rubuta layi uku ba kuskure, tana neman irinsa ɗari. Ta dubi allon, ta sake magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, ashe littafin yaran ka dafa mana. Na ci, har na yaba."

Ta juya ga yaran ta ce su yafe mata, ba ta sani ba. Babban mutum ya roƙi yaro gafara, abin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Ta nemi a nuna mata 'yan shilan, ta tsaya ta ga yadda Tambaya ke buɗe musu baki da yatsa tana ɗura jiƙaƙƙen gero. Da za su tafi, Malam Mahadi ya raka su har mota yana ta magana, su kuwa suka shiga suka tafi.

Bai fasa ba. Washegari ya rubuta takardar a ɗauke Delu, ya kai Gusau da hannunsa. Sati uku tana zuwa aiki ba ta san ko na ƙarshe ke nan ba, ba ta kuma gaya wa Inna komai ba. Sai dai takardarsa ta tarar da rahoton Madam Dibora a tebur guda. Rahoton ya ce a duk makarantun da aka zaga, nan ne kawai yaro ya rubuta abin da tabbas ba wanda ya sa shi haddacewa, ya kuma nemi a bar malamar inda take, a riƙa turo malaman Bungudu da Ruwan Bore su ga yadda take yi. Takardar Malam Mahadi ta kwanta a nan, ba ta sake tashi ba.

Kada a ɗauka an hukunta shi. Yana nan a kujerarsa. Bai taɓa ba yaran haƙuri ba, bai biya ko ƙwai ɗaya ba. In malamai baƙi suka zo, shi ke tarbarsu a bakin hanya yana cewa a makarantarsa aka ƙirƙiro wannan dabara. Irinsa ba su jin kunya, sai dai su ji tsoro.

Ɗaya daga cikin 'yan shilan ya mutu a kwana na huɗu, aka rubuta a allo. Ɗayan ya rayu, ya yi fari kamar uwarsa. Alhaji Manu ya aiko direbansa da tantabaru huɗu a kwali, ba tare da wani saƙo ba. Ranar da aka sa su a tukwane, Tambaya ta roƙi Malama yankin kwali mafi girma. Ta rubuta a kai da gawayi, Baba Sama'ila da kansa ya buga shi da ƙusa a saman tukwanen: Na aji ɗaya ne. Ba na baƙi ba ne.

Ta nan Malam Mahadi ke wucewa kullum in zai shiga ofis. Bai ce a cire ba, bai kuma taɓa ɗaga kai ya duba ba. Amma shi ma ai ya iya karatu.